Birkin Gaban Babur Idan Ya Kama, Gyara Yake Nema Ba Kashewa Ba

Duk wanda ya san ƙasar da ke arewa da birnin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa, ko daga Minjibir zuwa Dambatta da Makoɗa, ya san ƙasa ce da gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, da wuya a bar wani fili ya huta. Lokacin da masanin nan ɗan Birtaniya, Michael Mortimore, ya yi nazarin wannan yanki a shekarun 1960, jaki ne ke ɗauke da harkar sufuri: shi ke kai itace da amfanin gona birni, shi ke dawowa da taki a mangala. Yau babur ya karɓi kaso mai yawa na wannan aiki. Shi ke ɗaukar buhun gero zuwa bakin titi, shi ke kai kwandon tumatir kasuwar Badume, shi ke kai akuya kasuwar Dambatta ranar Lahadi, shi ne kuma motar asibiti idan naƙuda ta zo da tsakar dare. Tun a watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni, amma a karkara ba wanda zai iya tunanin rayuwa ba tare da shi ba. Abin hawan da aka ɗora wa irin wannan nauyi, lafiyar birkinsa ta wuce maganar bakanike shi kaɗai, ta shafi kowane gida.

Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a tsakanin masu babura, wadda ya kamata a yi mata duban tsanaki. Idan birkin gaba ya fara kamawa, mutum ya saki hannun birki amma tayar ta ƙi sakewa, babur ya yi nauyin turawa, abin da aka fi saurin yi shi ne a kashe birkin. Mai birkin waya ya sassauta noti har hannun ya koma lilo, ko ya zare wayar gaba ɗaya. Mai birkin mai kuma ya sa a tsiyaye man, wani ma a kwance kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, a ɗaure ta da roba a jikin shokozoba. Idan ka tambaya sai a ce maka, ai birkin gaba kayar da mutum yake yi, na ƙafa ya wadatar. Abin da wannan rubutu ke son tabbatarwa shi ne, kamawar birki ciwo ne mai sanannun dalilai, ba su da yawa, ana gano su da hannu da ido da sifana guda, kuma maganinsu na cikin mafi arahar gyaran babur. Wanda ya kashe birkin bai rabu da haɗari ba, ya dai ɗage shi zuwa ranar da yaro zai faɗo titi a guje.

Dalilin da ya sa birkin gaba ba abin wasa ba ne yana cikin yadda nauyi ke motsi. Da zarar an taka birki, nauyin babur da na mahayi da na kaya sai ya rinjaya gaba, shi ya sa ake ganin shokozoba na nutsewa. Tayar gaba ta ƙara danne ƙasa ta ƙara riƙo, ta baya kuwa ta yi sakayau, da an matsa mata sai ta kulle ta riƙa jan ƙasa. Masu koyar da tuƙin babur sukan ƙiyasta cewa a kan busasshen titi kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga gaba yake fitowa. Gaskiya ne goyo ko buhu a baya yana ƙara wa tayar baya riƙo, amma yana kuma ƙara yawan nauyin da ake son tsayarwa, ga shi an bar wa ɗan ƙaramin birki ɗaya aikin biyu. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cinye kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da ake bukata kafin a tsaya ninkawa take yi sau huɗu. A kan titin Kano zuwa Katsina, inda garke kan tsallaka ba sallama, 'yan mitocin nan su ne tsakanin fargaba da jana'iza.

Don a gane abin da ke sa birkin mai ya kama, sai an san yadda yake sakewa. Irin wannan birki mai faifai ya fara yaɗuwa a babura ne daga 1969, da fitowar Honda CB750, yau kuma ana ganinsa a wasu ƙananan baburan da ke shigowa daga Sin da Indiya. Idan aka matse hannun birki, wani ɗan fistin a cikin masta, wato ɗan kwalin nan da ke kan kan babur, yana tura mai ta cikin tiyo zuwa kalifa. Can kuma man ya turo babban fistin, shi kuma ya matse fad biyu a jikin faifan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne babu sifirin da ke mayar da wannan fistin baya. Wata 'yar robar sil ce mai kusurwa huɗu da ke zagaye da shi take ɗan lanƙwasawa yayin da ya fito, da an saki hannu sai ta miƙe ta jawo shi baya da abin da bai kai milimita ɗaya ba. A lokaci guda ragowar man na komawa tankinsa ta wata 'yar huda a cikin masta, wadda ba ta fi bakin allura ba. Mafi yawan ƙananan babura kuma fistin ɗinsu a gefe ɗaya yake, don haka dole kalifar kanta ta riƙa zamewa a kan wasu kusoshi biyu kafin fad ɗin ɗaya gefen ya matse ko ya saki. Sakewar birki ke nan gaba ɗaya ta rataya a kan 'yar roba da 'yar huda da kusoshi biyu, kuma duk wanda ya cije a cikinsu, birki ya kama.

Yanayin wannan ƙasa tamu kuwa ya haɗa duk abin da ke lalata su. Da rani da hunturu ƙurar burji da rairayi na manne wa ɓangaren fistin da ya leƙo waje, ta cakuɗe da garin fad ta zama ɓawo. Da damina, musamman a watan Agusta, babur na ratsa kududdufai da taɓon burtali, ruwa ya shiga bayan robar kare ƙura, fistin ya yi tsatsa, ramin da sil ke zaune ya tara wani farin gari mai tauri da ke turo robar ta shaƙe fistin. Wankin babur da injin feshi mai ƙarfi na ƙara cusa ruwan ciki. Shi kansa man birki yana da halin zuƙar laima daga iska, don haka kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk bayan shekara 2, amma a wurinmu sau da yawa man da babur ya zo da shi daga kwali shi zai tsufa da shi, har ya yi baƙi ya tara dauɗar da za ta toshe hudar masta. Mafi muni shi ne abin da ake yi da kyakkyawar niyya: a ƙara baƙin mai ko man giya a tankin birki don na ainihi ya ƙare, ko a wanke kalifa da fetur ko kananzir. Robar birki ba ta jure duk wani mai da aka samo daga ɗanyen man fetur. Kumbura take yi ta yi laushi, ta riƙe fistin gam, kuma idan ta kumbura ba ta komawa daidai.

Wani zai ce birkin da ke ɗan gogawa ai ba abin tashin hankali ba ne, tunda babur na tafiya. Asarar farko a aljihu take. Injin na ja, birki na riƙewa, tamkar mai kora jaki da sanda ne alhali ɗaya hannunsa na riƙe da igiyar wuyansa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, babu ɗan acaɓar da ke da rarar litar da zai ƙona wajen ɗumama faifai. Fad na cinyewa da wuri, faifai na iya karkacewa, giris ɗin boris na narkewa. Asara ta biyu ta rai ce, kuma ta hanya biyu take zuwa. Idan hudar masta ce ta toshe, gogayya na kawo zafi, zafi na sa mai ya kumbura, man ba shi da mafita sai ya ƙara matse fad, matsewar ta ƙara zafi, har tayar gaba ta iya kullewa ana cikin gudu ba tare da an taɓa birki ba. Idan kuma tsohon mai ne da ya sha ruwa, zafin na iya tafasa shi. Ƙa'idar man DOT 3 sabo ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, na DOT 4 kuma 230, amma da sun sha ruwa kusan kashi 4 cikin 100 sai ma'aunin ya sauko zuwa 140 da 155. Man da ya tafasa tururi ne a cikin tiyo, mutum ya matse hannu har ya taɓa kan babur, birki bai amsa ba.

Gano bakin zaren ba ya bukatar na'ura. A kafa babur a kan babbar jaka, wani ya danne bayansa har tayar gaba ta tashi, sannan a juya ta da hannu. Lafiyayyar taya za ta yi 'yan zagaye da ɗan sautin shafa mai laushi. Idan tana tafiya tana cijewa a wuri ɗaya a kowane zagaye, a zargi faifan da ya karkace, galibi bayan faɗuwa. Idan tana gurnani ko tana girgiza gefe da gefe, boris ne, birki ba shi da laifi. Idan kuwa ta yi nauyi ko'ina, sai a matse birki a saki, sannan a sa sifana a ɗan buɗe notin fitar da iska da ke jikin kalifa a sake rufewa nan take. Wannan gwaji shi ke raba gardama. Idan mai ya yi tsartuwa tayar ta sake, to matsi ne ya maƙale a cikin layi, laifin yana sama: hudar masta ta toshe, ko tiyo ya ruɓe ta ciki, ko an cika tanki fal, ko kuma an sa sabon hannun birki wanda bai dace ba yana danne fistin ɗin masta ko da an sake shi. Idan an buɗe notin tayar ba ta sake ba, laifin yana ƙasa, a kalifa. Fad ma suna ba da labari: idan ɗaya ya cinye ɗaya na nan da kauri, ko sun cinye a karkace, mafi yawan lokaci kusoshin zamewa ne suka bushe.

Gyaran kalifa aikin natsuwa ne da tsafta, bai kamata a yi shi a kan rairayi ba. A shimfiɗa buhu mai tsabta, a kwance kalifar, a cire fad. A matsa hannun birki a hankali har fistin ya leƙo, a wanke shi da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori ko da sabon man birki. Idan datti ne kawai, bayan an goge zai koma ciki da matsin manyan yatsu biyu. Idan ya ƙi, sai a fitar da shi gaba ɗaya a duba shi a haske. Fistin da tsatsa ta yi wa ramuka ba a gyara shi da samfefa mai kaushi, domin zai yanka sabuwar roba ya riƙa yoyo, canza shi ake yi. A zare sil da robar ƙura, a kankare farin garin da ke cikin raminsu da tsinken itace ko na roba, kada a sa sukundireba ya karce jikin. A shafa wa sababbin robobin man birki kafin a zaunar da su, kada a mayar da tsofaffi don sun yi kama da masu kyau. Kusoshin zamewa a goge su tas, a shafa musu giris na musamman da ba ya cin roba, irin na silikon ko jan giris na birki, domin baƙin giris na yau da kullum kumbura robar da ke rufe su yake yi. Fad ɗin da mai ya jiƙa ya tashi daga aiki, wankewa ba ta dawo da shi.

Idan gwajin ya nuna sama, a buɗe tankin masta, a kwashe tsohon man, a nemo 'yar hudar a ƙasan tankin a buɗe ta da siririyar waya a hankali ba tare da an faɗaɗa ta ba. Inda aka taɓa zuba baƙin mai, babu gajeriyar hanya: duk robar da man ya taɓa, ta masta da ta kalifa har da tiyo, sai an canza. Daga nan a zuba sabon mai irin wanda aka rubuta a murfin tankin, daga gwangwanin da aka fasa a gaban mai babur, domin wanda ya daɗe a buɗe ya riga ya sha laima. Kada a haɗa DOT 5 da sauran, shi na silikon ne, ba sa gauraya. A fitar da iska har mai ya riƙa fitowa garau ba kumfa, a tsayar da shi a kan layin da aka zana kada ya wuce, a goge duk inda ya ɗiga domin yana cin fenti. Kafin a hau, a matsa hannun birki sau da yawa har ya yi tauri, sannan a yi 'yar gajeriyar tafiya ba tare da taɓa birkin gaba ba, a tsaya da na ƙafa, a kusanta bayan hannu ga faifan. Idan ya yi zafin da ba ya taɓuwa, gyara bai kammala ba.

Hujjar masu cewa birkin gaba kayarwa yake yi tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba. A kan rairayi ko tsakuwar burji ko taɓo, musamman a kwana, wanda ya damƙe birkin gaba da ƙarfi tayar za ta zame ya sha ƙasa. Amma abin da wannan ke koyarwa shi ne a san yadda ake matsa shi: a hankali da farko har nauyi ya sauka a kan tayar, sannan a ƙara, a rage gudu tun kafin a shiga kwana, a fi dogara da na ƙafa a inda ƙasa ke santsi. Akwai kuma abin da ba a lura da shi. Birkin da ya fi kayar da mutane shi ne marar lafiya, wanda za a matsa ya ƙi motsi, a ƙara ƙarfi ya fizge gaba ɗaya, a saki ya ƙi saki. Lafiyayyen birki yana bin hannu daidai gwargwado. Wato tsoron da ake ji, rashin gyara ne ya haifi mafi yawansa. Sannan babu babur ɗin da ke ƙarewa a hanyar gona, duk wanda ya tashi daga ƙauye da kaya kwalta zai hau, inda gudu ke ƙaruwa kuma birkin baya kaɗai ba ya isa. Indiya, ƙasar da ke ƙera Bajaj da TVS, ta kai wannan magana ga doka: daga Afrilun 2019 duk sabon babur da ya wuce cc 125 dole ya zo da na'urar hana taya kullewa, ƙananan kuma aƙalla da tsarin da ke kama birkin gaba tare da na baya ko da na baya kaɗai aka taka. Masu ƙera babur suna neman hanyar tilasta amfani da birkin gaba, mu kuma muna zare masa waya.

Wani kuma zai ce wannan duk labarin masu birkin mai ne, alhali baburan da suka fi yawa a karkara, irin su Bajaj Boxer, birkin ganga ne da su gaba da baya. Haka ne, kuma a yarda cewa ganga ta fi sauƙin gyara a ƙauye. Amma ita ma tana kamawa, dalilanta ma 'yan kaɗan ne: wayar da ta yi tsatsa ko ta fara tsinkewa a cikin rigarta, sandar da ke buɗa shu, wato takalman birkin da ke cikin gangar, ta bushe a raminta, sifirin ya gaji, ko shu ya cinye. Maganin shi ne a canza wayar ko a ɗiga mata mai, a zare sandar a goge a shafa mata giris ɗan kaɗan yadda ba zai kai ga shu ba, a sa sababbin sifirin, a bar wa hannun birki wasan santimita 1 zuwa 2 a bakinsa. Dabarar cusa guntun gwangwani a ƙarƙashin shu da ya cinye, ko ɗaure noti har ƙurya, ita ce ke sa sandar ta juya fiye da kima ta cije, taya ta kulle. A kuma daina hure ƙurar ganga da baki, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, domin ƙura ce mai cutar da huhu.

Saura maganar kuɗi da jabun kaya, wadda ita ce ta fi nauyi ga talaka. Ba a musun cewa kasuwar kayan gyara cike take da robobi da fad marasa inganci, kuma bakaniken ƙauye ba koyaushe yake da giris ɗin da ya dace ba. Sai dai idan aka jera kuɗin robobi biyu da ƙaramin gwangwanin mai da ladan aiki a gefe ɗaya, aka jera kuɗin sabon faifai da fetur ɗin da ake ƙonawa kullum da ɗorin karaya da watannin zaman gida a tsakiyar damina a ɗaya gefen, lissafin bai da wuya. Jabun kaya kuma dalili ne na a riƙe dillali amintacce, a riƙa zuwa da tsohon abin a gwada da sabon, tunda araha ba ta ado. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa da ke karɓar kuɗin tikiti a kowace tasha za su iya sa sharaɗi ɗaya mai sauƙi, cewa duk babur ɗin da zai ɗauki fasinja sai an matsa birkinsa na gaba an ga ya kama ya kuma saki. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, idan ta fita wayar da kai a ranakun kasuwa, ta haɗa maganar birki da ta hular kwano. Makarantun fasaha irin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi kuma suna da abin da za su iya koya wa yaran gareji a 'yan kwanaki kaɗan.

Don haka, mai karatu, idan kana da babur, ka ɗaga tayar gaba ka juya ta kafin fitar gobe, ka sake yin haka bayan kowane ruwa mai yawa da ka ratsa. Idan a hanya ka ji babur ya yi nauyi ko ka ji ƙaurin birki, ka tsaya ka bar shi ya huce da kansa, kada ka watsa wa faifan ruwa, sannan ka lallaɓa zuwa wurin bakanike ka ce a nemo dalili a gyara, kada ka yarda a kashe. Idan kuma fasinja ne kai, ko iyalinka za ka ɗora, ka dubi hannun dama na ɗan acaɓa kafin a hau. In ka ga hannun birki na lilo ba waya, ka nemi wani babur ɗin.